Yadda Injiniya Mas'udu Ya Raka Gawarsa

A bakin kasuwar Talata Mafara akwai wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa, an rubuta a samansa da jan fenti: INJINIYA MAS'UDU, LIKITAN NA'URORI. Babu makarantar da ta ba Mas'udu ko ɗaya daga cikin sunayen nan biyu. Shi ya sayo fenti, shi ya hau benci ya rubuta. Sana'arsa gyaran rediyo da tocila, kuma tsakani da Allah yakan gyara wasu. Waɗanda suka ƙi gyaruwa sai ya ce tun daga kamfani aka yi kuskure. Yana da wata magana da ba ta rabuwa da bakinsa. Duk abin da ya ɓaci a hannunsa, sai ya gyara zaman hula ya ce, "Da ma haka na tsara."

Yayarsa Taibatu tana da ɗiya mai suna Hidaya, wadda ke karatun likita a jami'a. Hidaya ta dawo hutu da damuwa: ta faɗi jarrabawar sassan jikin ɗan Adam, an ba ta dama ɗaya tak ta sake, in kuwa ta kuma faɗuwa sai dai ta nemi wani fannin. Abin da take karatu da shi wata kwamfutar hannu ce mai faɗin allo. A cikinta akwai manhaja mai hoton mutum sukutum. Kana juya shi da yatsa, ka yaye fata ka ga tsoka, ka yaye tsoka ka ga ƙashi, ka taɓa zuciya ta buga, ta kuma faɗi sunan kowane sashe nata.

Sai bakin cajin kwamfutar ya fara gardama. Ana shawarar aikawa da ita Gusau ke nan Mas'udu ya shigo gaisuwa.

"Gusau?" ya ce, ya dafe ƙirji. "Ina raye? Yaya, wanga ai cin fuska ne."

"Kawu, ba irin rediyo ba ce," in ji Hidaya a hankali.

"Komai rediyo ne, ɗiyata. Jirgin sama ma rediyo ne, fiffike kawai aka sa masa."

Ya sa kwamfutar a hammata ya fita. A shago ya nemi inda ake kwance ta bai gani ba, sai ya ɓamɓare bayanta da wuƙa. Ya ɗora mata ƙarfen narka dalma. Wani siririn hayaƙi ya tashi, allon ya yi ƙara ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Mas'udu ya hura mata iska, ya girgiza ta, ya shanya ta a rana. Ko motsi.

Da ya mayar da ita gida cikin leda, Hidaya ta zauna a bakin gado idonta ya ciko. Taibatu ce ta yi magana.

"Mas'udu, dube ni nan. In yarinyar nan ta faɗi, ni da kaina zan hau benci in goge wancan rubutun. In na gama in bi kasuwa rumfa-rumfa in faɗi dalili."

"Haba Yaya. Mi ye abin kuka a kan hoto? Hoto fa! Ni mutum zan gina mata. Mai tsayi, mai hanji, mai jini yana gudu. Ta taɓa shi ya yi magana, da Hausa ma, ba ya neman caji, ba ya neman sabis. Turawa da kansu za su zo kallo."

Ya faɗi maganar ne don ya samu hanyar fita daga ɗakin. Amma kafin ya kai bakin titi ya riga ya gaskata kansa. Kafin la'asar duk layin shagunan ya ji cewa Injiniya zai ƙera abin da zai rufe kasuwar kwamfuta.

Maƙwabcinsa Ɗanasabe tela ya leƙo, zare a baki.

"An ce gunki za ka gina."

"Na'urar koyarwa, jahili. Ko fuska ba zan yi masa ba."

"Ka kyauta masa. Da ka yi masa irin taka."

Abin da ake fara buƙata shi ne ƙasusuwa. Mas'udu yana da aboki makiyayi a Faru, Gidaɗo, wanda ya san duk inda ake zubar da ƙasusuwan dabbobi. Mas'udu ba ya aika saƙon murya, ya ce wannan na waɗanda ba su zauna a aji ba ne. Sai ya zauna ya rubuta. Wayarsa kuwa ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya. Abin da ya isa Faru, aka karanta wa Gidaɗo, shi ne: "A kawo min kashin shanu mai yawa, busasshe, da gaggawa."

Gidaɗo mutum ne mai cika alkawari. Da hantsi sai ga shi a kan babur, buhuna sun kusa rufe shi. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da garke da ruwan sama, ya kwance bakin buhu ya zazzage a ƙofar shago.

Mas'udu ya yi tsalle baya. "Mi ne ne wannan?"

"Saƙonka. Busasshe, kamar yadda ka ce. Na bijimai na zaɓo maka."

"Ƙashi na ce! Ƙashi! Na jiki!"

Ɗanasabe ya karɓi wayar ya duba, ya ɗaga ta sama don masu wucewa su shaida. "Injiniya, ba ka sa masa ƙugiya ba. Abin da ka rubuta shi aka kawo."

Mutane suka fara taruwa, wasu sun toshe hanci. Mas'udu ya dubi tulin, ya dubi jama'a, ya gyara zaman hula.

"Da ma haka na tsara. In ba a cuɗa laka da shi ba, tsagewa take yi. Ku je ku tambayi magina."

Haka aka yi. Ya ɗaure karan dawa da waya ya yi gangar jiki, ya fasa tsohuwar lema ya yi haƙarƙari da ƙarafunanta, ya yaɓe da laka da abin da Gidaɗo ya kawo. Ya bar cikin a buɗe da murfin kwano, don a riƙa buɗewa ana leƙawa.

Saura kayan ciki. Wannan karon ya ce ba za a sake yi masa ba, da baki zai yi magana. Ya kira Hamidu, direban da ke zuwa daga Bakura.

"Hamidu, huhu nake so. Babba, sabo. Taro zan yi, manyan baƙi za su zo."

Hamidu ya ji taro, ya ji manyan baƙi, ya kuma ji huhu. Da motarsa ta iso, sai ga ƙaton huhun goro a ɗaure a sama, an yayyafa masa ruwa.

"Na numfashi nake nufi!" in ji Mas'udu. "Na rago! Wanda ke cikin ƙirji!"

"To ka ce taro. Wa ke raba wa baƙi huhun rago?"

Ɗanasabe ya riga ya dakatar da keken ɗinki, yana jira. Mas'udu ya kai hannu ga hula.

"Da ma haka na tsara. Ku dubi goron nan da kyau. Ba ƙoda ba ce sak?"

Ya zaɓi jajaye biyu ya ɗaura a bayan cikin. Soson wanka ya zama huhu. Tiyon ban ruwa ya zama hanji. Tsohuwar ƙwallon roba ta zama zuciya, ya cika ta da zoɓo, ya jona mata siraran robobin ƙarin ruwa, in an matsa sai jan ruwa ya zagaya. Ya sa ƙwan tocila biyu a inda idanu za su kasance. A ƙirji ya binne sifika da 'yar na'urar ɗaukar magana, ya ja maɓallai zuwa kowane sashe, ya ɗauki muryarsa yana bayani. Ya raɗa wa abin suna Mas'udu Ƙarami.

Hidaya ta zo gani, don uwarta ta ce ta je ta ga abin da ake yi da sunanta. Ta tsaya, ta daɗe tana kallo.

"Kawu, zuciyar tana dama."

"Hagu ne." Ya tsaya fuska da fuska da mutumin lakar, ya dafa nasa ƙirjin, ya miƙa hannun kai tsaye. "Ga tawa, ga tasa."

"Hagunka damansa ne, tunda yana fuskantarka."

"Ni na gina shi, ɗiyata. Haguna shi ne hagunsa."

"Hanta ma ka sa ta a hagu. Saifa kuma a dama. Wannan fa mi ne ne a ƙarƙashin wuya?"

"Matsarmama."

"A wuya?"

"In mutum ya yi amai, daga ina ɗacin ke fitowa?"

Hidaya yarinya ce mai haƙuri, amma wannan ya fi ƙarfinta. Ta koma gida ta jawo manyan littattafan da ta jingine tun da ta samu kwamfuta, ta kakkaɓe su, ta nemo shafin, ta dawo da shi. Mas'udu ya duba hoton ya ce mai littafin ne ya buga shi a juye. Ta koma ta nemo wani. Ya ce jikin Bature daban, na Bazamfare daban. Haka suka yi ta yi har hutun ya kusa ƙarewa: duk jijiyar da ya ja, sai ta koma ta karanto inda ta fito da inda ta nufa, don kawai ta kayar da shi. Ba ta kayar da shi ko sau ɗaya ba, domin ba ya saurare.

Wata safiya ya buɗe murfin ya ga ƙoda ɗaya ta ɓace. Ya leƙa shagon tela. Bakin Ɗanasabe ja wur.

"Ka cinye masa ƙoda!"

"Hidaya ta ce mutum na rayuwa da guda ɗaya. Gwaji na yi."

Ɗaliban likita 'yan Mafara da Bakura da Maradun sukan haɗu a wani aji na makarantar firamare su yi bita tare, suna karɓa-karɓa da wayoyinsu. Mas'udu ya sanar cewa can zai ƙaddamar da Mas'udu Ƙarami, kuma ranar Talata, ranar kasuwa, don kada mutanen ƙauye su ce an ware su. Hidaya ta roƙe shi ya bari. Ya ce kunya ce irin ta yara.

Mutumin lakar ya ƙi shiga Keke Napep. Sai Mas'udu ya kwantar da shi a kan tsohon tsaninsa mai koren fenti, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa. Ya taɓa gani a talabijin ana yaye ƙyalle a wurin ƙaddamarwa, don haka ya karɓo farin yadi a wurin Ɗanasabe ya lulluɓe shi ruf. Saboda iska, ya ɗaure wajen kai, ya ɗaure tsakiya, ya ɗaure ƙafafu.

Ɗanasabe ya ja baya ya ƙare wa abin kallo. "Injiniya, bai yi maka kama da wani abu ba?"

"Ya yi kama da ci gaba."

Ya samo 'yan dako huɗu 'yan Garbadu, ya ce su saɓa a kafaɗa su yi gaba, su bi a hankali kada su girgiza shi. Shi zai biya gida ya shirya ya cim musu.

To, makarantar da maƙabarta hanya ɗaya ake bi, sai can gaba take rabuwa. Kuma kowa ya san abin da Musulmi ke yi in ya ga an saɓo farin ƙyalle a kafaɗa. Masu shayi suka miƙe. Masu awon hatsi suka ajiye kwano. Wani dattijo ya matso ya sa kafaɗa don ya samu lada, ɗan dako ɗaya ya zame, yana murna ya huta.

"Wane ne?" in ji dattijon.

"Mas'udu ne Ƙa..."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mas'udu mai rediyo?"

Sauran maganar ta nutse cikin salati. Kafin a wuce 'yan tumatir an karɓe tsanin gaba ɗaya daga hannun 'yan dako, kowa na ɗauka yana ba na baya. Girgizar ta matse ƙwallon roba, jan zoɓo ya fara ɓullowa a farin yadi. Nan take aka samu waɗanda suka ce wutar lantarki ce ta ja shi, da waɗanda suka rantse sun ga motar da ta buge shi. Da aka zo mararraba ba wanda ya yi shawara, aka karkata wajen maƙabarta.

Mas'udu kuwa ya fito daga gida sanye da farar rigar likitoci da ya saya a gwanjo, da takunkumin fuska, da baƙin tabarau. Hular ma ya ajiye ta, ya ce ba ta dace da kayan aiki ba. Ya taho a kan babur ya tarar da jana'iza ta cika hanya. Ya sauka cikin ladabi ya bi sahu. Can sai ya hango ƙafar tsani mai koren fenti.

Ya buɗe baki zai yi ihu. Sai ya ji na gabansa sun ambaci sunansa, ya kuma gane Hamidu ne da Gidaɗo. Wani tunani ya zo masa: ba kowa ke samun damar jin yabon da za a yi masa bayan ransa ba. Ya gyara takunkumi, ya matsa kusa, ya sauya murya.

"Bayin Allah, wa aka rasa?"

"Mas'udu mai gyara," in ji Hamidu. "Allah ya jiƙansa."

"Amin. An ce babban injiniya ne."

"Wa ya ba shi?"

"To, haka na ji ana faɗi."

"A bakinsa ka ji. Ba a faɗin aibin mamaci, amma na taɓa kai masa tocila ta dawo tana kama labaran duniya. Rediyon kuma da na kai daga baya, haske take yi."

"Wannan ai fasaha ce!"

"Likita, kai baƙo ne," in ji Gidaɗo cikin tausayi. "Mutumin kirki ne, yana da kyauta. Amma kwanan nan kansa ya ɗan taɓu. Kashin shanu ya sa na kawo masa har shago."

"Ƙashi ya ce!"

"Kana wurin?"

Wani da ya sauko daga ɗaukar tsanin ya dawo baya yana murza kafaɗa. "Kai, ashe marigayi na da nauyi haka? Ga shi siriri kamar kara."

"Rediyoyin mutane ne," in ji wata murya daga baya. Mas'udu ya waiga. Ɗanasabe ne, ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, mutane na ba shi haƙuri.

Mas'udu ya ƙudura zai ƙara jira kaɗan, ko a samu mutum ɗaya da zai ce Injiniya. Bai samu ba. A daidai ƙofar maƙabarta wani dogon mutum ya karɓi tsanin, gefe ɗaya ya ɗaga, murfin kwanon ya danne babban maɓalli. Idanu biyu suka kama haske a ƙarƙashin farin yadi. Sai murya ta fito, wadda duk Mafara ta sani, garau:

"Salamu alaikum jama'a! Ni ne Injiniya Mas'udu. Kada ku ji tsoro, ku matso kusa. Ku buɗe cikina ku sha kallo!"

Ba wanda ya amsa sallamar. Masu ɗauke da tsanin suka sake shi a lokaci guda. Mas'udu Ƙarami ya faɗi ya dare biyu, zoɓo ya yi tsiri, tiyo ya warware, goro ya gangara cikin ƙafafun mutane. Sifikar ta maƙale tana ta maimaitawa: "Nan ce hanta. Nan ce hanta. Nan ce hanta." Dattawan da aka san su da ciwon gwiwa suka tsallake kwata. Hamidu ya bar takalmansa a inda yake tsaye. Gidaɗo, wanda ba ya gudun bijimi, sai a kan reshen dalbejiya aka gan shi.

Wasu masu ƙarfin hali sun tsaya daga nesa suna addu'a. Sai ga mutum cikin fararen kaya ya keto da gudu, ya fizge takunkumi, ga fuskar marigayi, yana ihu:

"Ku yi hankali! Kada ku taka min ƙoda! Ita kaɗai ta rage!"

Masu ƙarfin halin ma suka bi sahu.

Hayaniyar ce ta fito da ɗaliban daga aji. Suka zo suka kewaye tarkacen. Wata ɗaliba 'yar Maradun ta tsuguna ta ɗaga murfin kwano.

"Hanta a hagu?"

"A dama take, ƙarƙashin haƙarƙari," in ji Hidaya, hannunta a kan fuska don kunya. "Matsarmama na manne a ƙasanta, ba a wuya ba. Saifa ce a hagu, bayan tumbi." Ta ci gaba, ta bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, inda kowace ta fito da inda ta nufa, ba ta ko numfasa ba. Abokan karatunta suka dubi juna.

A hankali jama'a suka fara dawowa neman takalma da huluna. Dattijon da ya fara sa kafaɗa ya tsaya a gaban Mas'udu yana haki.

"Kai yanzu, mun bar kasuwa, mun yi maka addu'a, har na yafe maka rediyona. Ashe laka muka ɗauko?"

Mas'udu ya dubi taron. Ya kai hannu zai gyara hula, ya ji babu hula. Duk da haka ya daure.

"Da ma haka na..."

"Ƙarasa."

Taibatu ce. Labarin rasuwarsa ya iske ta a gida, mata sun cika tsakar gida ana ta ba ta haƙuri, sai wani labarin ya biyo baya. Ta fito da mayafi a karkace, idanu sun kumbura. Ta kama hannunsa ta matsa, ta tabbatar da ɗumi a jikinsa, ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta kama kunnensa.

"Ƙarasa in ji, Mas'udu."

Bai ƙarasa ba.

Hidaya ta koma makaranta ta zauna jarrabawa. Ranar da sakamako ya fito ta kira uwarta, Taibatu ta sa wayar a sifika, Mas'udu na rakuɓe a bakin ƙofa.

"Inna, na ci! Har malamin ya tambaye ni da wace manhaja na yi bita."

"Kika ce mi?"

"Na ce ta gida ce. Duk abin da aka tambaye ni, sai in tuna inda Kawu ya sa shi, in nuna ɗaya gefen."

Mas'udu ya miƙe tsaye, ya kai hannu ga hula. Taibatu ta dube shi. Ya mayar da hannun aljihu, amma leɓɓansa sun motsa, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da suka faɗa.

Taibatu ba ta goge rubutun shagon ba, tunda yarinya ta ci. Sai dai washegari da Mas'udu ya zo buɗewa ya tarar an ƙara kalma ɗaya a sama da allin tela: MARIGAYI. Ya goge. Aka sake rubutawa. Ya yi wa Ɗanasabe rantsuwa, ya yi barazanar kai ƙara, ya daina amsa gaisuwar duk wanda ya kira shi da sunan. Sai ya lura mutane na zuwa daga Dakko da Faru don kawai su ga mutumin da ya raka gawarsa, kuma wasunsu na riƙe da tocila.

Ran nan wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar shagon da rediyo a ƙulle cikin ɗankwali.

"Salamu alaikum. Nan ne wurin marigayi?"

Keken Ɗanasabe ya tsaya cak. Mas'udu ya dubi tsohuwar, ya dubi rediyon, ya gyara zaman hula.

"Marigayi Injiniya," ya ce. "Shigo, Gwaggo."